Kundin gyaran kwamfutar wasa da ke mutuwa a tsakiyar gem

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Kwamfutar ta ƙanena ce. Ya kawo mini ita bayan ƙaramar Sallah da bayani guda ɗaya: "Yaya, da na shiga gem sai ta mutu." Kafin ta iso hannuna an riga an yi mata fomat a shago, an zuba sabuwar Windows, ba ta yi mako ba ta koma halinta. Zan riƙa rubuta abin da na taɓa da abin da ya biyo baya, abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin in aka canza abu biyu tare aka samu sauƙi, ba za a san wanne ne maganin ba.

Kayan cikinta: furosesa Ryzen 5 5600X a kan bod (babban allon da ake jona duk kayan a kansa) na B550, katin hoto RTX 3080 mai gig 10 da ya saya na hannu, ram sanda huɗu masu gig 8 kowace, SSD na NVMe, da Windows 10. Akwatin wutar, wanda masu gyara ke ce wa fawa fak, an rubuta masa wat 750 da manyan haruffa a jiki. Wanda ya haɗa masa kwamfutar ne ya zaɓo shi, kuma ba na sanannen kamfani ba ne.

Ban kunna ta ba sai da na zaunar da shi ya faɗa mini yadda take mutuwar dalla-dalla. Ashe abin da yake kira mutuwa iri uku ne. Wani lokaci gem ɗin ne kaɗai yake rufewa, ya tsinci kansa a fuskar Windows, linzami yana motsi, komai yana aiki, jefi-jefi kuma shuɗin allo, wanda Windows ke nunawa in ta faɗi, ya fito. Wani lokaci kwamfutar ce gaba ɗaya take ɗaukewa ɗif alhali fitilar ɗakin tana ci, kuma in haka ta faru maɓallin gaba ba ya tayar da ita, sai ya kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta, ya ɗan jira, ya sake kunnawa. Na ukun ba mutuwa ba ce ma: in an jima ana wasa sai fankokin kati su fara ihu, hoto ya riƙa sarƙewa.

Ya kuma ce a FC 25 yakan yi awanni lafiya lau. Cyberpunk 2077 da Warzone ne ba ta jurewa. Zatona tun yanzu shi ne ba cuta ɗaya ba ce, kuma fomat ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yau ban kwance ko noti ɗaya ba. Windows tana ajiye labarin kowace faɗuwa, kuma karanta shi kyauta ne. Na danna maɓallin Windows da R, na rubuta perfmon /rel, Reliability Monitor ya buɗe da jajayen alamu jere bisa kwanaki. Daga nan na shiga Event Viewer.

Abin da ya fi yawa shi ne Kernel-Power mai lamba 41. Mutane da yawa da sun ga wannan sai su yanke hukunci cewa wuta ce. Saƙon bai faɗi haka ba. Iyakar abin da yake nufi shi ne Windows ta tashi ta tarar ba a kashe ta ta hanyar da ta dace ba, ko da mene ne dalili. Amfaninsa yana cikin bayanin da ke ƙasa, a layin BugcheckCode. In lambar sifili ce, Windows ba ta samu ko damar yin shuɗin allo ba, an yanke ta ne tana tsaka da aiki. In wata lamba ce, to ta ga kuskuren da kanta kafin ta faɗi. A nan na samu duka biyun. Yawancinsu sifili ne. Kaɗan kuma 26, wato 0x1A, wanda shi ne MEMORY_MANAGEMENT, kuma kowane ɗayansu yana da fayil ɗinsa a C:\Windows\Minidump.

Rufewar gem zuwa fuskar Windows ta bar nata sawun daban: Application Error mai lamba 1000, da lambar kuskure 0xc0000005, ma'ana manhajar ta nemi taɓa wani gurbi na ƙwaƙwalwa da ba ta da izini. Gem ɗaya in ya yi haka ana iya cewa laifinsa ne. A nan gem daban-daban ne, har da burauza ta taɓa yin hakan.

Abin da ban gani ba ma yana da muhimmanci. Babu saƙon Display mai lamba 4101, wanda yake fitowa in direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya yi shiru fiye da daƙiƙa 2 Windows ta sake tayar da shi. Babu kuma WHEA-Logger mai lamba 18, wanda a Ryzen yakan nuna furosesa ce ba ta da lafiya. Saboda haka na raba takardata gida biyu: a hagu rufewa da shuɗin allo, abin zargi ram, a dama ɗaukewa ɗif, abin zargi wuta ko zafi.

Talata, 8 ga Afrilu

Zafi na fara bi, don a Kano muke kuma Afrilu ne, rana tana kai digiri 40 a inuwa, ɗakin yaron kuma fanka kawai gare shi. Na sa HWiNFO64 ya riƙa rubuta duk ma'aunai a fayil, domin in kwamfutar ta ɗauke in ga layin ƙarshe kafin ta tafi.

Furosesa ba ta da laifi. Tana wasa a kusan digiri 80, iyakarta kuwa 95. Tsakiyar katin hoto ma ba ta kai 80 ba. Inda abin ya ɓaci shi ne ƙwaƙwalwar katin: ma'aunin Memory Junction ya hau har 110 ya tsaya a nan. RTX 3080 yana amfani da ƙwaƙwalwa irin GDDR6X, wadda dama mai zafi ce, kuma a 110 katin yake fara rage gudu da kansa ya ƙure fankoki don ya tsira. Ihun fanka da sarƙewar hoto ke nan, matsala ta uku ta samu suna.

Amma zafi ba shi ne mai ɗauke kwamfutar ba. Da sassafe na kunna ta tana sanyi, na shiga Cyberpunk, ba a jima ba ta ɗauke, kuma layin ƙarshe a fayil ya nuna katin bai ma kai digiri 70 ba. Kayan zamani in zafi ya yi musu yawa sukan rage gudu tukuna, ba sa faɗuwa haka kwatsam suna da sanyi.

Duk da haka na fita da ita tsakar gida na buɗe. Ƙurar hunturun bana tana nan a tsakanin ƙarafan sanyaya kati har ta dunƙule. Na busa da bulowa, ina riƙe kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima. A gefen katin, ƙarƙashin farantin baya, akwai maiƙo. Wannan alama ce ta tsofaffin fad ɗin zafi, 'yan robobi masu laushi da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, waɗanda suka daɗe suna dahuwa har mansu ya tsatso. RTX 3080 ya fito ne a Satumba 2020, daidai lokacin da masu haƙar kuɗin kirifto suka yi ta kwashe irinsa suna kunna su dare da rana. Da Ethereum ta daina amfani da haƙa a ranar 15 ga Satumba, 2022, katunan suka cika kasuwar kayan hannu. Haƙar Ethereum ƙwaƙwalwar kati ta fi ci, ba tsakiyarsa ba, shi ya sa irin waɗannan katunan sukan zo da lafiyayyar tsakiya da gasassun fad. Na yi odar sababbi. Busa ƙura ya sauke zafin tsakiyar da 'yan digiri, ƙwaƙwalwar kuwa tana nan a 110, sai dai ta fi jimawa kafin ta kai.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Direba. Tun farkon 2025, da katunan RTX 50 suka fito, ake ta koke a kan direbobin Nvidia na jerin 572 saboda baƙin allo, har wasu masu yin gem suka shawarci masu RTX 30 da 40 su koma 566.36 na Disambar 2024. Na cire intanet don kada Windows ta zuba nata, na shiga Safe Mode, na wanke tsohon da DDU, manhajar goge direba gaba ɗaya, na sa 566.36. Babu abin da ya canza. Gem yana rufewa, kwamfuta tana ɗaukewa. Na bar shi a kai don in cire direba daga lissafi.

Da yamma wani abokin ƙanena ya zo da labarin cewa furosesa ce, don ya ga ana ta magana a YouTube. Labarin da ya ji gaskiya ne, amma na wasu ne. Furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14, irin su i9-13900K da i7-14700K, su ne suka yi ta faɗuwa a 2024, musamman a gem da aka gina da Unreal Engine, har sukan kawo saƙon cewa ƙwaƙwalwar katin hoto ta ƙare alhali kati lafiyarsa ƙalau. Intel ta amsa cewa wuta mai yawa da furosesar ke nema ce take lalata ta a hankali, ta fitar da gyaran 0x129 a Agusta da 0x12B a Satumba ta hanyar sabunta BIOS (manhajar da ke cikin bod wadda ke tayar da kwamfuta), ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Mai irin wannan furosesa ya sabunta BIOS ɗinsa tun kafin ya fara zargin wani abu. Tamu Ryzen ce, ba ta cikin wannan.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ram. Na zuba MemTest86, manhajar gwada ram, a filas na tayar da kwamfutar daga shi. Gwajin yana cin awanni a gig 32, wutar unguwarmu kuma ba ta da alkawari, don haka na ɗauke ta jiya na kai gidan Kawu inda akwai sola da inbata. Ba a gama zagayen farko ba kurakurai suka fara fitowa ja.

Da na zare sandunan na duba takardun jikinsu sai na ga dalili. Biyu kamfani ɗaya ne, an rubuta musu gudun 3600. Sauran biyun wani kamfani ne daban, 3200. Ƙanena ya ce daga baya ya ƙaro su, mai shago ya ce masa DDR4 duk DDR4 ce. Shiga ramin kam duk suna shiga. A BIOS kuma an kunna XMP, saitin da ke ƙara wa ram gudu, bod ɗin ya ɗauki lissafin sandunan 3600 ya ɗora wa duka huɗun.

XMP ba gudun asali ba ne. Sandar DDR4 yawanci tana tashi ne a 2133 ko 2400 ko 2666, XMP kuma ƙarin gudu ne da kamfanin ya gwada a kan sandunan da ya sayar tare a kwali ɗaya. Bai gwada su da na wani kamfani ba. Sannan ita kanta AMD abin da ta lamunce wa wannan furosesa shi ne 3200 in sanda biyu ce. In huɗu ce lamunin yana sauka zuwa 2933 ko 2667, gwargwadon irin sandunan. Sanda huɗu masu uwa daban-daban a 3600 caca ce kawai. Wani ya ci, mu ba mu ci ba.

Na kashe XMP, gwaji ya yi zagaye huɗun da sigar kyauta ke bari babu kuskure ko ɗaya. Wannan ya nuna sandunan ba su lalace ba, gudun ne ya fi ƙarfinsu. Na sa 3200 da hannu a kan bolt 1.35, da saitin lokutan jira (timings) na sandar da ta fi rauni, na sake gwadawa. Tsaf. Na bi da gwajin ƙwaƙwalwa na OCCT a cikin Windows, don akwai kurakuran da ba sa fitowa sai ram ta ɗumama a cikin kesin. Shi ma tsaf.

Abu ɗaya da ake mantawa: ram mai kuskure tana ɓata fayilolin da suka ratsa ta cikinta, kuma a kanta aka zuba Windows ɗin nan da duk gem ɗin. Na gudanar da sfc /scannow, ya samu abin gyara ya gyara. Na sa Steam ya tantance fayilolin Cyberpunk, ya sake sauke wasu. Kawu ya leƙo ya tambaya ko an gama. Na ce, "Rabi dai, Kawu. Za mu sake dawowa mu sha muku wuta."

Laraba, 16 ga Afrilu

Tun Lahadi gem bai sake rufewa da kansa ba, shuɗin allo ma bai dawo ba. Gefen hagu na takardata ya mutu. Ɗaukewa ɗif kuwa tana nan daram.

Ga abin da ya ɗaure wa ƙanena kai, kuma shi ne ya sa a shago aka ce masa kayansa lafiya lau. Na kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa kati don gwaji, katin ya ja wat 320 ɗinsa cif, na ƙara Prime95 mai yin irin wannan gwaji a kan furosesa, suka yi rabin awa tare kwamfutar ba ta ko girgiza ba. Na rufe su na buɗe gem, ana fita daga allon lodi zuwa cikin gari ta ɗauke. Ya ce, "To Yaya, in wuta ce ai da a gwajin za ta mutu, tunda ya fi gem nauyi."

Nauyin gwaji a shimfiɗe yake, na gem kuwa tsalle yake yi. Jakin da ke tafiya da buhu biyu a bayansa, in aka jefo masa buhu ɗaya daga saman mota sai ya durƙushe. Katunan RTX 3080 da 3090 an san su da wannan: a cikin ƙasa da milisakan ɗaya sukan fizgi wuta da ta zarce wat 320 ɗin nan nesa, sannan su koma. HWiNFO ba ya ganin wannan, don shi duk daƙiƙa 2 yake leƙawa. Amma na'urar kariya da ke cikin akwatin wuta tana gani, kuma in fizgar ta wuce iyakarta sai ta yanke komai ta kulle. Kullewar nan ita ce dalilin da maɓallin gaba ba ya aiki sai an kashe na baya. Tun ranar farko wannan bayanin nasa ya fi komai nuna inda matsalar take.

Akwai hanyar gwada wannan ba tare da an sayi komai ba. A MSI Afterburner, manhajar saita katin hoto, na sauke iyakar wutar katin zuwa kashi 70, na kuma ƙayyade hoto a 60 cikin daƙiƙa. Ƙanena ya buga Cyberpunk daga la'asar har bayan isha, ba ta ɗauke ba. Na mayar da ita kashi 100 na cire ƙaidin, ba a jima ba ta tafi. Yanzu na gane dalilin da FC 25 ba ya kashe ta: bai cika matsa wa kati irin wannan ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Kafin in ɗora wa akwatin wuta laifi sai na wanke bango. Wutar ƙasar nan a takarda bolt 230 ce. Na sa mita a soket ɗin ɗakinsa. Da rana ba laifi, amma da magariba, lokacin da kowa ya kunna fanka da firij da injin ruwa, tana sauka ƙasa da 190. Sitabilaizar da yake amfani da ita irin mai rile ce, wato makunni mai aiki da kansa, tana ta ƙas-ƙas tana canza mataki. Ekstenshan ɗin kuma mai siririyar waya ne, kan fulogin har ya yi ɗumi. Akwai wata ƙaramar UPS mai 650VA a gefe wadda ya daina amfani da ita, don da ya shiga gem take fara kuka. Dole ta yi kuka: 650VA bai kai wat 400 ba, kwamfutar kuwa tana wuce haka a wasa.

Akwatin wuta mai kyau yana karɓar daga bolt 100 zuwa 240, don haka 190 ba komai ba ce a gare shi. Wannan an rubuta masa 200 zuwa 240 kawai. Ke nan da magariba ma a wajen iyakarsa yake aiki.

Sai dai wannan bai isa hujja ba, don ta ɗauke da safe ma lokacin da wuta take cike. Na mayar da ita gidan Kawu, na jona ta kai tsaye a inbatarsa mai tsaftatacciyar wuta, babu sitabilaiza babu ekstenshan, kati a kashi 100. Ta ɗauke. Wutar unguwa tana ƙara wa abin tsanani, amma ba ita ce tushe ba. Ekstenshan ɗin dai na jefar da shi.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na kwance akwatin wutar na kai wa wani dattijon mai gyara da na saba da shi a Beirut Road. Bai ko jona shi ba. Ya ɗaga shi a tafin hannu ya ce, "Yallaɓai, wannan ba nauyin 750 ba ne." Sannan ya juya takardar gefe ya sa yatsa a layin +12V. An rubuta amfiya 46. In ka ninka da 12 ka samu wat 552. Ragowar da ta cike 750 ɗin an tattaro ta ne daga layin bolt 5 da na 3.3, waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika jan komai daga gare su ba. Katin hoto da furosesa duk a kan bolt 12 suke. Akwati mai kyau na wat 750 yakan ba da kusan amfiya 62 a wannan layin shi kaɗai.

Lissafin ya fito. Kati 320, furosesa 76 in ta ƙure, bod da fankoki da sauran tarkace wasu 'yan gomomi, jimla wajen 440. A shimfiɗe 552 yana ɗauka, shi ya sa FurMark ya wuce. Da fizga ta zo sai ta tsallake.

Ya kuma nuna mini wayar katin. Katin yana da ramuka biyu masu fil 8, an ciyar da su duka daga waya ɗaya mai kai biyu. Kowane rami an ƙayyade masa wat 150, ramin bod kuma yana ba da 75, don haka kusan wat 250 suna bi ta waya guda. A fayilolin HWiNFO na ga wutar da ke isa ramukan tana sauka zuwa 11.5 a cikin wasa, iyakar da ƙa'idar ATX ta akwatunan wuta ta yarda kuwa 11.4 ce. A bakin gaɓa take tun kafin fizga ta zo.

Na ce, "Malam, a ara mini wani in gwada kafin mu kashe kuɗi." Ya ba ni nasa na gwaji mai wat 850, da gargaɗin da na riga na sani amma ya cancanci a rubuta: irin akwatin da wayoyinsa ke cirewa, kada a taɓa haɗa shi da wayar wani akwati ko da ta shiga daidai, don jerin filolin ta gefen akwati ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni, kuskure ɗaya yana ƙona SSD ko kati. Tsohon kuma kada yaro ya buɗe shi don son gani, manyan kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an zare fulogi.

Na haɗa da waya biyu daban-daban zuwa katin. Kashi 100, babu ƙaidi, a soket ɗin ɗakinsa, da magariba. Wurin da take ɗaukewa a Cyberpunk aka wuce shi, aka koma aka sake wucewa. Wuta a ramukan katin ba ta sauka ƙasa da 11.9 ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Fad sun iso. Wannan aiki ne na natsuwa, kuma duk wahalarsa a kauri take. Kowane kamfanin kati da kaurin da yake sawa, wani milimita 1.5, wani 2, bayan farantin wani har 3. In sabon ya fi kauri sai ya ɗaga ƙarfen sanyaya daga kan tsakiyar katin, ƙwaƙwalwa ta yi sanyi tsakiya ta ƙone. In ya fi siriri ba zai taɓa ba. Na auna gefen tsofaffin inda ba a matse su ba, na ɗauki hoton wurin kowanne kafin in ɓamɓare. Sun bushe har suna karyewa. Na goge da sifirit, na yanka sababbi, na sa sabon man zafi a tsakiya, na ɗaure notuna huɗun tsakiya a gicciye kaɗan-kaɗan.

Ƙwaƙwalwar yanzu tana tsayawa a wajen 94 bayan dogon wasa. Tazarar da ke tsakanin zafin tsakiya da wurin da ya fi zafi a cikinta ba ta ƙaru ba, alamar ƙarfen ya zauna daidai. Ihun fanka ya tafi.

Asabar, 3 ga Mayu

An sayi sabon akwatin wuta an mayar wa Malam nasa. Nvidia wat 750 ta ce a sa wa RTX 3080. Mun ɗauki 850 saboda zafin garin nan, don akwatin wuta ma ƙarfinsa yana raguwa in ya yi zafi. Ƙanena ido ya ƙura wa tambarin 80 Plus Gold. Tambarin yana da amfani, amma abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ba ta tafi a banza ta zama zafi ba, kamar kashi 90 a rabin lodi ga mai Gold. Ba ya cewa komai a kan yadda akwati zai jure fizga. Abin da na duba shi ne amfiyar +12V, da 100 zuwa 240 a wajen shiga, da wayoyin kati biyu masu zaman kansu, da rubutun ATX 3.0. Wannan ƙa'ida da Intel ta fitar a 2022 ta wajabta wa manyan akwatuna su jure ninki biyu na ƙarfinsu na tsawon maikurosakan 100, wato daidai cutar da ta dame mu. Na kuma tabbatar kwalin a rufe yake da hatiminsa, lambar jikin akwati ta yi daidai da ta kwali.

Ko da yake yanzu tana ɗaukar kashi 100, ban bar ta a haka ba. A Afterburner na danna Ctrl da F, na daidaita layin gudu da wutar katin ya tsaya a wajen megahaz 1800 a kan bolt 0.850. Wutar da yake ja a Cyberpunk ta sauko daga 320 zuwa wajen 250, bambancin hoto kuwa ƙanena bai iya gane shi ba sai da na nuna masa lambobin. A ɗakin da babu na'urar sanyaya daki, ga kuma batirin inbata da ake lissafi, wannan ciniki ne mai riba.

Asabar, 10 ga Mayu

Mako guda tana ɗakinsa. Na duba Reliability Monitor yau: babu shuɗin allo, Kernel-Power 41 guda ɗaya ne kuma ya yi daidai da lokacin da aka ɗauke wuta a unguwa ranar Talata. Wani gem ya rufe kansa ranar Laraba jim kaɗan bayan an sabunta shi, amma da tasa lambar kuskuren, ba 0xc0000005 ba, kuma bai maimaita ba. Na rubuta shi a gefe, in ya dawo in sake gwada ram a 2933.

Abin da ya rage uku ne. UPS: ana bukatar wadda ta kai 1500VA mai tsaftatacciyar wuta irin ta inbatar Kawu, don wasu akwatunan zamani ba sa shiri da masu arha da ke kwaikwayon wutar, kuma kuɗinta bai taru ba tukuna. Ram: zai sayar da huɗun ya sayi sanda biyu masu gig 16 a kwali ɗaya, a sa su a rami na biyu da na huɗu daga furosesa, sannan a sake kunna XMP. Sai BIOS, wanda tun 2021 ba a taɓa shi ba. Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, Windows 11 kuma tana bukatar a kunna fTPM, wani saitin tsaro a BIOS, wanda a tsofaffin BIOS na Ryzen yake jawo sarƙewar sauti da hoto har sai da AMD ta gyara a sabuntawar BIOS mai lamba AGESA 1.2.0.7. Sabunta BIOS ba aikin da za a yi a kan wutar da ke iya tafiya a tsakiya ba ne, don haka ranar Asabar mai zuwa za mu sake ɗaukar ta zuwa gidan Kawu.